Na Yafe Masa

Ran Lahadin da ta wuce 'yan kwaya suka rera waƙata a coci. Ba su san tawa ba ce, ni ma ban ɗaga hannu na ce tawa ce ba. Mai riƙe da makirfo ta ce wai tsohuwar waƙa ce ta iyaye, ba a san wanda ya yi ta ba, kowa ya tashi ya taka. Sai kibod ya ɗauka, ganguna suka biyo, sifika ta shiga girgiza bencin da nake kai. Sun ƙara mata gudu har ta koma waƙar biki. Mata suna juyi da hankici, samari suna tsalle, kowa yana ihu wai an kwance shi. Ni kuwa ina zaune a layi na uku, inda nake zama tun da gwiwa ta ƙi ni, ina jiran kalma guda. Kalma ɗaya ce tak ba daidai ba a cikin waƙar nan, kuma saboda ita wata mace ta tsufa tana ganin ban yafe mata ba. Sunanta Rifkatu, ita ce ta buga mini tulu ranar da na fara rera ta.

A zamaninmu ba a waƙa da wuta. Yanzu in janareta ya mutu ana tsakiyar sujada, sai ka ga kowa ya yi tsuru-tsuru, kamar Ruhu Mai Tsarki ma da fetur yake aiki. Mu abin da muke da shi tulu ne, da caki, da tafi, da maƙogwaron da Allah ya ba mu. Cocinmu ginin ƙasa ne a bayan layin dogo, rufin kwano, ƙararrawarsa kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a jikin mangwaro. In ruwan sama ya sauko a kan kwanon nan, fasto yakan haƙura da wa'azi ya ce mata su tashi, don mu kaɗai muke iya fin ruwa ƙara. Ran Alhamis muke koyon waƙa, kuma ba mai agogo a cikinmu. In ladanin unguwa ya kira la'asar, kowace ta san lokaci ya yi, sai ta sauke tukunya, ta goya ɗanta, ta nufi gindin mangwaro. Uwar zumuntar mata ta lokacin, wato shugabar ƙungiyarmu ta matan coci, wata doguwar tsohuwa mai faɗa, takan zagaya da tsinken tsintsiya tana leƙa bakinmu, tana cewa, “Ke, buɗe! Ba ƙanzo na ce ki tauna ba, waƙa na ce ki yi.” Yau in na faɗa wa matan zumunta haka, sai su ce na zage su.

Tuluna uku ne, babba da matsakaici da ƙarami. Ana bugun bakinsu da wani ɗan matashi na tsumma, sai tulun ya yi wani irin gum mai zurfi wanda ba a kunne ake jin sa ba, a ciki ake ji. Babban na Rifkatu ne, ba mai taɓa shi. Kafin a fara takan zuba ɗan ruwa a ciki, ta buga, ta karkata kai ta saurara, ta rage ruwan, ta sake bugawa, har sai muryar tulun ta zauna daidai da muryar mai bayar da waƙa. Mai bayarwa tana tsaye a gaba tana kallon jama'a, masu tulu suna zaune a bayanta a kan kujerun tsuguno. Ba ta ganin su, su ma ƙeyarta kawai suke gani. Tulunan nan suna nan har yanzu, na gan su a sito bayan coci, an kife su kusa da tsintsiyoyi da fasassun kujerun roba.

Hausar da nake rubutu da ita yanzu ba ita na shigo Lafia da ita ba. Na sauko daga ƙauyenmu na kan dutse ina amarya, mijina lebura ne a layin dogo, Hausata kuwa ba ta wuce ta sayen gishiri da manja ba. A yarenmu kalma ɗaya ce ga mace da namiji, don haka kowa a wurina “shi” ne, kowa “kai” ne, uwata ma “ya zo” take. Ba ni kaɗai ba, rabin garin haka muke magana, kuma ba wanda ya rasa gane wani a kasuwa. Rifkatu dabam ce. A cikin gari aka haife ta, babanta kafinta ne a unguwar 'yan kasuwar da kakanninsu suka zo daga arewa, da 'ya'yansu ta yi wasa, in tana magana ba ka gan ta ba sai ka rantse daga cikin gidajen nan ta fito. Gidan haya ɗaya muke, ƙofarta tana kallon tawa, madafa ɗaya, rijiya ɗaya. Ta girme ni kaɗan, Yaya nake ce mata. Ita ta nuna mini inda ake sayen itace mai araha, ita ta riƙe ni ranar da na haifi 'yata Ladi, ita ta fara kirana Maman Ladi.

Ni Allah ya ba ni waƙa, ita ya ba ta kunne. Waƙa takan zo mini ina daka ko ina niƙa, sai in ajiye taɓarya in ruga ƙofarta kafin ta gudu. Aikinta shi ne ta wanke ta, haka muke cewa. Ba waƙata da ta taɓa shiga coci ba ta bi ta hannun Rifkatu ba.

“Yaya, na samu sabon waƙa. Ka ji. Wani mace ya je rijiya, ya gamu da Mai Ceto.”

“Tsaya. Macen nan gemu gare ta?”

“A'a.”

“To ta je, ba ya je ba. Kuma ki daina ce mini ka. Ki dube ni da kyau, ɗankwali ne a kaina.”

Haka muke yi muna dariya har tuwo ya kama. Ta sha gaya mini cewa in namiji ne a ce masa, in mace ce a ce mata, in kuma tana gabanka a ce miki. Nakan ce mata ni masar da na sani ita ce wadda ake toyawa a tanda, in tana da ita ta kawo in ci. Takan girgiza kai ta ce bakina sai addu'a.

Ladi tana da shekara huɗu aka kira taron zumuntar mata a Obi, na kwana biyu. Ni ce mai bayar da waƙa, kuma ina so a ji ni, ba zan ɓoye ba. Na ɗinka sabon zane, na yi kitso. Rifkatu tana da tsohon ciki, ba ta iya shiga mota, sai wata ta karɓi tulunta. Mijina ya ce in tafi da yarinya. Na ce za ta dame ni, ba a bayar da waƙa ana jan zane. Na kai ta ƙofar Rifkatu da safe, da ɗan kwanonta da rigarta ta canji. Ladi ba ta ko yi kuka ba, don a wurinta ɗakin nan ma gida ne.

A bakin hanyar gidanmu akwai filin da ake lodin doya. Rana ta biyu, da hantsi, nauyin ciki ya sa Rifkatu ta jingina da bango, barci ya sace ta. Ba a san tsawonsa ba, ita ta ce bai kai dahuwar ruwa ba. Ladi ta bi wani ɗan akuya ta fita. Wata babbar mota tana ja da baya, direba bai gan ta ba. Ina tsaye a gaban mata a Obi, bakina a buɗe, ana amsa mini, na ga wani dattijon cocinmu ya shigo da hula a hannu yana nemana da ido.

Da na iso an riga an naɗe gawar Ladi. Tsakar gida cike da mutane, Rifkatu tana durƙushe a ƙasa da cikinta, zanenta duk jini, don ita ta ɗauko yarinyar daga ƙarƙashin mota. Ta rarrafo ta kama ƙafata. Na janye ƙafar, na ce mata a gaban kowa, “Yarona na ba ka ajiya. Ka kashe shi.” Ba ta gyara mini Hausa ba ranar.

Daga nan muka shiga zaman da ba na yi wa maƙiyina fata. Ƙofa tana kallon ƙofa, amma in ta fito ni in shiga. Na dinga girki da wuri don kada mu haɗu a madafa. In guga yana hannunta a rijiya, sai in tsaya nesa in jira, ko da tulu yana ƙona mini kai. Ta haihu, mace, ban leƙa ba. Sau da yawa takan zo ƙofata ta ce, “Gafara dai,” a hankali, ta tsaya, ni kuwa ina ciki ina kallon inuwar ƙafafunta a ƙarƙashin labule har su juya. Na daina waƙa. In ana addu'ar da muke yi tare kowace Lahadi, aka iso wurin da ake roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafartawa, sai in datse bakina. Na tsane ta, tsana ta gaske, kuma yanzu na san dalili. Muddin laifin nata ne, ba sai na tuna wadda ta ce ba a bayar da waƙa ana jan zane ba. Direban kuwa ko tunaninsa ba na yi. Ban san shi ba, ban ba shi ajiyar kowa ba.

Kusan shekara aka yi haka. Wata rana da rana tsaka ina niƙa a bakin ƙofata, na ɗaga kai. 'Yar Rifkatu ta fara rarrafe. Sai na ga uwar ta yago bakin tsohon zane, ta ɗaure ƙafar jaririyar da shi, ta ɗaure ɗaya bakin a jikin turmi, ta ja ta gwada ƙarfinsa, sannan ta juya ga wanke-wanke. Ko minti ba ta yi sai ta waiwaya. Yarinya ta kai ƙarshen igiya, ta ja, ta faɗi, ta yi kuka, uwar ba ta kwance ta ba. A lokacin ne na dubi Rifkatu da kyau, karo na farko. Wuyanta ya zama kamar na kaza, zobenta na aure ta naɗa masa zare don kada ya zame. Na ga ba jaririyar kaɗai ce a ɗaure a tsakar gidan nan ba. Hannuna yana kan dutsen niƙa waƙa ta zo, gaba ɗayanta, ban nema ba.

Na ɗauki dutse a ƙirjina,
Yesu ya ce in sauke.
Na yafe masa, na yafe masa,
Mai Ceto ya kwance ni.

Taku goma ne tsakanina da ita. Da na tashi na je na ce, Yaya, ga waƙa, wanke mini, da duk abin da zan faɗa nan gaba bai faru ba. Da ta ce tsaya, wa kika yafe wa, da na ce ke. Amma na ji kunya, kuma akwai girman kai a cikin kunyar. Na ce a raina a gaban mutane na kunyata ta, a gaban mutane zan wanke ta. Na ga hakan ya fi kyau, ya fi girma. Gaskiyar ita ce ya fi sauƙi, don a gaban coci ba sai na kalli idonta ba.

A cikin makon nan kuma aka sako direban daga kurkuku, inda yake tsare tun ranar haɗarin. Ran Juma'a da yamma ya zo gidanmu tare da maigidansa, wani Alhaji mai fataucin doya, da dattawan unguwarsu biyu. Suka cire takalma, direban ya durƙusa a tsakar gida yana kuka. Mijina ya ce mun bar wa Allah. Ni ina daga cikin ɗaki, ko fuskarsa ban gani ba, hankalina yana kan waƙata. Amma duk unguwa ta ga zuwansu, kafin Lahadi duk coci ta ji.

Ran Lahadi da aka kira zumuntar mata, na tashi na wuce gaba. Shekara guda ba a ji muryata ba, coci ta yi tsit. Rifkatu tana bayana a kan kujerarta, tulu tsakanin gwiwoyinta, don ba ta daina bugawa ba, ba a samu mai kunnenta ba. Na fara ni kaɗai. Layi na farko, na biyu, ba tulu. Na kai na uku, na ce na yafe masa, na maimaita. Sai da na kai ƙarshe na dawo sannan na ji gum a bayana, sau ɗaya, a makare. Daga nan ya zauna daram, bai sake kuskure ba. Mata suka ɗauki amshi, ya kwance ni, ya kwance ni, igiya ta faɗi ƙasa. Tsofaffi suna kuka, uwar zumunta ta jefar da tsinkenta ta ɗaga hannu biyu. Ni kuwa na ji dutsen ya sauka da gaske. Wannan ba ƙarya ba ne, ba zan taɓa cewa ƙarya ne ba. Na yi numfashi har ƙasan cikina, abin da na yi shekara ban yi ba.

Da aka tashi mata suka kewaye ni. “Maman Ladi, ka yi ƙoƙari. Wannan direba ya samu rahama yau.” Na ji su sarai. Na ce a raina su ce abin da suka ga dama, shi ma ya shiga ciki, ba komai. Rifkatu ta san bakina. Ita da ta yi shekara biyar tana dariyar “shi” da “ka” nawa, ai ba sai an fassara mata ba. Ban yi tunanin cewa wanda yake ganin shi ya kashe yaro ba ya jin magana da kunnen da yake jin wasa ba. Ban yi tunanin ta ga direba a durƙushe ran Juma'a ba. Ƙeyata kawai ta gani, da kalmar da na faɗa.

Na koma gida na dafa shinkafa fiye da cinmu, na zauna a bakin ƙofa ina jira ta zo ta faɗa jikina. Ta shigo da goyo, ta tsaya daga nesa, ta rusuna.

“Sannu da waƙa, Maman Ladi. Allah ya ba da lada.”

Ta shige ɗaki ta saki labule. Shinkafar ta huce a tukunya. Raina ya ɓaci, wani sabon ɓaci. Na ce dubi wannan, na yafe mata jinin 'yata a gaban duniya, ko na gode babu. Na ce ni na yi nawa, saura nata. Muka koma gaisuwa, ina kwana, lafiya lau, ba ƙari.

Waƙa kuwa ta tashi. Aka kai ta Obi, aka kai ta Ashige, duk inda mata suka taru sai an ce in bayar da ita. Ana kirana in ba da shaida yadda Ubangiji ya 'yantar da ni, ina bayarwa, ina jin daɗi. Duk inda na rera, Rifkatu tana bayana tana buga tulu. Na lura ta daina tashi in ana cin Jibin Ubangiji, gurasar coci da ba a ci da hakkin wani a wuya, takan zauna kanta a ƙasa har a gama zagayawa da faranti. Na lura, na ce taurin zuciya ne. Haka na yanke mata hukunci, ni mai waƙar gafara.

Bayan damina biyu aka mayar da mijinta, Malam Ayuba, koyarwa a Adogi. Ranar tashinsu an gama ɗora kaya a mota, ta dawo tsakar gida kamar ta manta wani abu. Ina shanya. Ta tsaya a bayana ta daɗe.

“Maman Ladi, ba abin da za ki ce mini?”

Ban juyo ba. Na ce, “Na riga na faɗa a coci. Ka ji da kunnenka.”

“Na ji,” ta ce. Ta tafi.

Adogi ba nisa. Yau mai babur zai kai ka ya dawo kafin a sauke tuwo. Amma na yi shekarun da suka isa jariri ya yi furfura ban taka ba. Na sake haihuwa, na aurar, na binne mijina. Jirgi ya daina wucewa a bayan coci, aka rushe ginin ƙasa aka yi na bulo, filin lodin doya ya zama shaguna. Na shiga ajin manya, na koyi karatu, na yi ta karanta Maganar Allah har Hausata ta miƙe, har na zama uwar zumunta ina gyara wa wasu baki. Na san masa, na san mata, na san miki. Amma ban taɓa juyowa na dubi waƙar nan ba. Abin da ka rera sau dubu ba ka ƙara jin kalmominsa, bakinka ne kawai yake tafiya.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata safiya, mai babur ya sauke wani tsoho a ƙofata. Sai da ya yi magana na gane Malam Ayuba ne. Na ba shi kujera, na kawo ruwa, bai sha ba.

“Mama, roƙo na zo yi. Ta hana ni tun da daɗewa, ta ce kada a matsa miki. Amma yanzu hankalinta ya fara tafiya, ni kuma ba zan iya kallo ba. Tun ranar da kika rera waƙar nan ba ta ƙara cin Jibi ba. Fastoci sun yi magana har sun gaji. Cewa take mai hakki ba ta sake ta ba. Kin yafe wa direba, Allah ya saka miki. Ki taimaka ki sa ta a ciki.”

“Wane direba, Malam?”

Ya dube ni kamar ni ce hankalina ya tafi. Sai ya rera layin nan da tsohuwar muryarsa, a hankali, ya tsaya a kan kalmar. Masa. Na ji ta kamar ban taɓa jin ta ba.

“Ita ce, Malam. Wallahi ita ce. Tun ranar farko ita nake nufi.”

Tsohon ya rufe fuska da hularsa.

Ko zane ban canza ba muka kama hanya. Mun same ta a gindin bishiya a kan tabarma, an ba ta gyaɗa tana ɓarewa don hannunta ya samu aiki. Ta ƙanƙance, kanta fari fat. Na durƙusa da wannan gwiwar tawa da ba ta durƙuso, na kama hannunta.

“Yaya, ni ce. Maman Ladi.”

Ta yi mini murmushin baƙo. “Maman Ladi ba ta nan, ta tafi Obi. Ta bar mini yarinya. Ba ki gan ta a hanya ba? Yanzu take nan.”

Na ce mata abin da ya kamata in ce tun ina da baƙin gashi. Na ce na yafe miki, na ce ba laifinki ba ne, na ce ni ce na bar ta don in je a tafa mini, ke ki yafe mini. Tana kallona cikin ladabi, tana ɓare gyaɗa. Malam Ayuba ya ce in gwada waƙa, wai waƙa ce kaɗai ba ta manta ba. Na share fuska na fara. Kafin in gama layin farko hannunta ya saki gyaɗa ya hau gwiwarta, ya fara bugawa, daidai, ba kuskure, kamar jiya muka rabu. Na matso har numfashina yana taɓa fuskarta, na dubi idonta, na rera, na yafe miki, na yafe miki.

Hannun ya tsaya.

“Tsaya,” ta ce. Muryarta ta dawo tas, muryar da take wanke mini waƙa da ita. “Kin ɓata. Masa ne.”

“Yaya, ke ce. Ke nake nufi. Bakina ne ya karkace.”

“A'a. Ni na buga mata tulu, na san waƙar. Masa ne, ba mace a ciki. Ki koya daidai kafin ki tsaya gaban mutane.”

Ta koma ga gyaɗarta.

Na yi ta zuwa, kowane mako, har ƙarshen damina. Na faɗa da magana, na faɗa da waƙa, na sa mijinta ya faɗa, na sa 'yarta ta faɗa, wadda aka ɗaure a turmi, yanzu ita ma da jikoki. Wata rana ta karɓe ni da fara'a, wata rana ta tambaye ni ko na ga yarinya. Amma duk ranar da na kai kalmar nan sai ta tsayar da ni ta gyara. Haka ta rasu. A wurin jana'izarta matan Adogi suka ce za su karrama ta da waƙar da ta fi iya bugawa, suka tashi da anko suka rera a kan akwatinta, na yafe masa, na yafe masa. Ina zaune ina ji, ba yadda zan yi.

Na yi imani wanda ya mutu dominmu ba ya rikita mace da namiji, kuma ya san abin da ke cikin kalma tun kafin ta fito. Na yi imani ya kwance ta yanzu, ya zaunar da ita a teburin da ta hana kanta. Da wannan nake rayuwa. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ni na samu 'yanci a rana ɗaya, na yi yawo da shi gari gari ana tafa mini, ita kuwa tana zaune taku ɗaya a bayana tana buga mini kiɗansa.

Na taɓa roƙon shugaban kwaya su canza kalmar. Ya yi dariya cikin girmamawa ya ce, “Haba Mama, haka kowa ya san shi, in mun canza za mu rikita mutane.” Ban ja ba. Waƙar ta fi ƙarfina tun tuni, tana wayoyi, tana bakin mutanen da ban taɓa gani ba. Don haka ran Lahadin nan, da suka iso wurin, ana tsalle ana juya hankici, na rufe ido na faɗi tawa a ƙarƙashin ƙarar sifika. Na yafe miki, Yaya. Sannan na yi shiru na kasa kunne ta bayana, ko zan ji tulu ya ɗauka. Bai ɗauka ba.